Rulda Baduku da Sufeton da Ya Ƙi Cin Gishiri

A ƙauyenmu na Kot Nihala, can wajen Jalandhar, duk wanda ya taɓa sa takalmi a ƙafarsa ya san Rulda. Baduku ne ɗan baduku, gajere, mai faɗin kafaɗa, ruwan jima ya rine masa hannuwa har wuyan hannu. Ga shi da mitar tsiya. Ka kai masa takalmi ya yi mita, wai ka bari sai da ya mutu sannan ka kawo gawa. Ka ƙi kai masa ya yi mita, wai an raina aikinsa. Matarsa Hukmi takan ce da mita na cika ciki, da gidansu ne zai riƙa ciyar da garin nan kaf.

Gidan nasa yana bayan gari, unguwar dukawa. Baduku yana taɓa mushe, saboda haka shi ba a taɓa shi. Ba ya ɗiban ruwa a rijiyar gari, ba a miƙa masa abu hannu da hannu, sai dai a ajiye a ƙasa ya sunkuya ya ɗauka. Rulda ya yi mita a kan ruwan sama, ya yi a kan tsadar zare, ya yi a kan tarin maƙwabcinsa, amma wannan kam bai taɓa yin mita a kansa ba, don haka ya buɗe ido ya tarar.

Ɗansa ɗaya tilo, bayan waɗanda suka zo suka koma tun suna goye. Da wannan ya tsaya sai suka sa masa Mehnga, wato mai tsada. Yaron ya fara kama hannu ke nan, yana kankare fata yana murza zare, sai doka ta zo.

Bayan babban yaƙin Turawa ne. Mai shela ya zagaya da gangarsa, har ya leƙo bakin unguwar dukawa, abin da bai saba ba. Ya ce gwamnati ta ce duk ɗa namijin da ya isa aike a kai shi makaranta, uban da ya ƙi kuma a ci shi tara.

Rulda ya ɗago daga kan ɗinki ya ce, "Har da namu?"

Mai shela ya ce, "Takarda dai ba ta ce ban da naku ba."

Ni ban ce Turawa sun yi haka don ƙaunarmu ba. Akawuna suke so masu arha, kuma mutanenmu da ke majalisa sun daɗe suna tsaye musu a wuya. Amma ko ma don me aka yi, dokar ta shigo gidan Rulda, ya kuwa tarbe ta da zagi.

"Ke kin ji, Uwar Mehnga? Sun ɗauke hatsi, sun ɗauke samari sun kai yaƙi, yanzu kuma hannun damana suke so. Karatu zai ci? Wa zai riƙe min fata?"

"Kai ka riƙe abarka, Baban Mehnga. Kafin a haife shi wa ke riƙe maka?"

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa."

"A gidanka na koya."

Ya yi fushinsa ya gama. Amma ranar da za a kai yaron, sai ga shi ya fito da wata 'yar jaka ta fatar akuya wadda ba wanda ya san lokacin da ya ɗinka ta, har da ado a bakinta, daidai allo da alƙalami. Ya rataya wa yaron, yana cewa kada ya kuskura ya ɓata ta, don ba wata zai sake samu ba.

Makarantar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, malaminta Munshi Labhu Ram. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Matsoraci ne kawai, kuma albashinsa ta hannun mai gari, Sardar Kehar Singh, yake biyowa. Da ya ga 'ya'yan dukawa sun doso, sai ya fito da sauri ya tare ƙofa. Ya nuna musu gindin bango, ƙarƙashin taga, wurin da yara ke tuɓe takalma, ya ce kowa ya zo da buhunsa ya shimfiɗa a nan. Kullum da safe yakan kira sunayensu ta taga su amsa. Doka ta ce su zo makaranta, ga su kuwa sun zo.

Aka yi sanyi, aka yi zafi, aka girbe alkama. Mehnga yakan dawo yana rera karatu tiryan-tiryan, har Hukmi ta haddace rabi. Ran nan Rulda ya share ƙasa a gaban rumfarsa da tafin hannu, ya miƙa wa yaron tsinke.

"To, malam, rubuta min sunanka in gani."

Yaron ya riƙe tsinke ya kasa ja.

"Rubuta mana!"

"Baba, ban san kamanninsu ba. Ina jin ana faɗa, amma allon bango yana ciki. In na miƙe na leƙa sai a ce na tare haske."

Rulda ya daɗe yana duban ƙasar nan da ya share. Abin ya ci shi ƙwarai. An raba yaro da sana'ar ubansa, ba a ba shi ta Munshi ba: ba tsuntsu ba tarko. Ya ce gobe yaron ba inda za shi. Kwana kaɗan sai ga ɗan aiken mai gari ya tsaya daga nesa yana tuna masa zancen tara. Dole ya mayar da shi gindin taga. Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya masa a rai, yana ɗinki yana juya shi: tunda an tilasta masa ba da ɗa, to sai ɗan nan ya shiga cikin ɗakin nan ya ga abin da ake rubutawa.

Amma wa zai kai wa kuka? Sufetoci kan zo, ba su fasa ba. Sai dai duk wanda ya zo gidan Sardar yake sauka. A yanka kaji, a kawo gurasa tana ɗigar man shanu, a bi da nono mai sanyi. A wurinmu kuwa wanda ya ci gishirinka ba ya buɗe baki a kanka. Ko ɓarawo yana kiyaye wannan. Sufeto ya ci ya yi gyatsa, a kai shi ya leƙa makaranta, ya ce madalla, ya hau doki. Rulda ya taɓa tsaya wa ɗaya a bakin hanya da hannuwa haɗe, mutumin ya wuce yana sakace ko kallonsa bai yi ba.

Sai aka fara jin ƙishin-ƙishin wai an sake tsari. Wai akwai wasu masu bincike da ba sa ƙarƙashin Baturen gunduma, ba shi ya naɗa su ba, ba kuma zai iya tuɓe su ba. Majalisa ce a Lahore ke aiko su, ita suke kai wa bayani, har aikin shi Baturen suna dubawa. Mutane suka yi dariya. Wa ya taɓa jin an binciki Bature? Rulda dai ya kasa kunne, ya shiga shirya maganar da zai faɗa, yana gwadawa a kan Hukmi har ta ce ya ishe ta.

Da mutumin ya iso, ba wanda ya ɗauka shi ne. A ƙafa ya zo daga tasha, siriri, da tabarau, da 'yar tukunya ɗaure a ƙyalle. Sardar ya riga ya sa an yi yanka. Ya fito da kansa ya tarbe shi, ya ce abinci na jira. Baƙon ya haɗa hannuwa ya yi godiya, ya ce a yi masa afuwa, ba zai ci ba. Ya wuce gindin ceɗiyar bakin gari, ya haɗa duwatsu, ya dafa wakensa shi kaɗai, har gishirinsa daga ƙullinsa ya ɓalla.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Mu abu ɗaya muka sani da ke hana mutum cin abincin wani: tsarki. Tunda har girkin gidan Sardar bai kai ya shiga bakinsa ba, to wannan ba ƙaramin Brahmin ba ne, wato ɗan dangin masu tsarki, irin waɗanda ko inuwar mutum ta faɗa kan kwanonsu sai su zubar. Tsofaffin mata har suna leƙensa daga nesa suna neman albarka. Sardar ya rasa ko fushi zai yi ko alfahari. Munshi kuwa bai tsaya wata-wata ba. Ya kori 'ya'yan dukawa gida, ya ce kada ya ga ƙeyar kowa sai baƙo ya tafi, ya sa aka yayyafa ruwa a gindin tagar.

Rulda ya ji labari, ya koma rumfarsa ya zauna.

Hukmi ta ce, "Ina maganar da ka hana mu sakat da ita? Tashi ka je mana."

"Haba, Uwar Mehnga! Mutumin da ya ga ƙazanta a tukunyar Sardar, ni zan tsaya a gabansa da wannan hannun? Ai sai ya sa a ɗaure ni."

Bai yi mita ba ranar. Shirun nan nasa ya fi damun Hukmi fiye da duk surutun da ya taɓa yi.

Washegari da hantsi yana rumfa, Mehnga na gefe yana kankare fata, sai ya ga mutum tsaye a kansa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba takalmi. Baƙon ne. Manya ba sa shigowa unguwar nan, aike suke yi. Rulda ya zabura ya ja da baya har ya kifar da kwanon ƙusa.

"Sannu da aiki, mai sana'a. Ƙusa ce ta huda ni tun daga tasha."

"Ajiye a ƙasa, ranka ya daɗe, ajiye a nan."

Mutumin bai ajiye ba, ya miƙo masa. Da Rulda ya ƙi karɓa, sai ya ɗora masa a cinya, ya ja wani guntun kututture ya zauna. Ya share gumi, ya nuna randar da ke bakin ƙofa.

"A taimaka min da ruwa."

Rulda ya ɗauka tarko ne. Ya dubi hanya ko akwai masu kallo.

"Ranka ya daɗe, ko ba a gaya maka ba? Nan unguwar dukawa ce."

"Hancina ya gaya min tun daga nesa. Ruwan naku ba ya kashe ƙishi ne?"

Hukmi ce ta yi ta maza. Ta fito ta ɗebo a moɗa ta miƙa masa. Ya karɓa ya shanye, ya ce a ƙara.

Rulda ya kasa daurewa. "To, ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Jiya ka ƙi abincin Sardar. Gari duk an ce tsarkinka ne ya yi yawa."

Baƙon ya yi dariya har ya ƙware. "Tsarki? Ni? Ubana ɗan tireda ne, kowa ya ba ni ina ci. Ba ƙazantar gidan nake gudu ba, gishirinsa nake gudu. Makarantar nan a hannunsa take, ni kuma ita aka aiko ni in duba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Ya juya ya dubi Mehnga. "Wannan fa? Ya isa makaranta, me yake yi a gida da hantsi? Ka san akwai tara?"

Ai kuwa kamar an ɓalle bakin kwata. Maganar da Rulda ya shirya mai ladabi, mai "ranka ya daɗe" a kowace gaɓa, duk ta gudu. Mitarsa ta gado ce ta fito. Ya faɗi buhu, ya faɗi taga, ya faɗi tsinken da yaron ya riƙe ya kasa ja. Ya ce, "Kun ce in ba da ɗa, na ba da. In kuna so ku karɓa, ku karɓa gaba ɗaya. In ba kwa so, ku maido min abina in koya masa abin da na iya. Amma yaro ya shekara yana gadin takalman da ni ubansa na ɗinka, wannan wace irin doka ce?"

Sai da ya kai aya ya ji tsoron abin da ya faɗa.

Baƙon ya dubi moɗar da ke hannunsa, ya ajiye ta a hankali. "Kash. Da ka faɗa tun farko da ban sha ba. Yanzu kai ma kana da magana a gabana." Ya dubi Hukmi. "Inna, ba ki dai sa gishiri a ruwan nan ba ko?"

"Ko ƙwaya, ranka ya daɗe."

"To, na tsira."

Da aka gama gyara, Rulda ya rantse ba zai karɓi komai ba. Mutumin ya ce in bai karɓa ba, to zai bar takalmin ya tafi da ƙafa ɗaya. Ya biya, a tafin hannu. Ya ce gobe a tura yaran kamar kullum, kowa da buhunsa, kada a ce wa kowa komai.

Da safe Rulda ya bi su daga nesa, ya laɓe bayan wata katanga. Munshi ya fito zai kore su ke nan sai ga sufeto. Sufeto ya tambaye shi su wane ne waɗannan. Munshi ya shiga kame-kame, ya ce ɗalibai ne, nan ne wurin zamansu, sun ma fi son iska.

"Madalla. Ashe nan ma aji ne. To, daga nan zan yi dubawata."

Ya tattara rigarsa ya zauna a kan buhu, tsakanin Mehnga da tarin takalma. Ya ce Munshi ya shiga ya ci gaba. Munshi ya shiga, ya ɗauki alli, ya yi rubutu.

"Malam Munshi! Me ka rubuta? Ba na gani."

Munshi ya faɗa.

"Na ji. Yaya kamanninsa? Ƙugiyar tana sama ne ko ƙasa?"

Yara na ciki suka fara ƙyalƙyala dariya. Mutane suka taru. Can sai ga Sardar Kehar Singh, rawani a karkace don sauri. Ya ga babban baƙon gwamnati zaune cikin takalma kafaɗa da kafaɗa da ɗan baduku, ya rasa ta inda zai fara.

Ya ce, "In waɗannan suka shiga, namu za su fita."

"Su fita, Sardar. Dokar da ta ci baduku tara ba ta ce ban da mai gari ba."

"Zan kai maganar nan gaban Bature!"

"Ka gaishe shi. Ka ce masa ina nan tafe, ofishinsa ne na gaba a dubawata."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi abin da ya gani zai rubuta: ko ya rubuta makaranta ce mai ɗaki ɗaya da kowa ke ciki, ko ya rubuta rabinta a waje take, majalisa ta san abin da za ta yi da tallafin da take bayarwa. Su zaɓa. Sai Munshi, ba tare da ya dubi Sardar ba, ya ce wa yaran su ɗauko buhunansu. Rulda yana bayan katanga ya ga jakar fatar akuyar nan ta shige ƙofa.

Ran nan sufeton ya ɗaure tukunyarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Ko sunansa ba wanda ya riƙe. Mai Tukunya muke ce masa har yau.

Kada a ɗauka daga nan sai daɗi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Manoma suka hana Rulda rabonsa na hatsi a kakar nan, suka riƙa kai takalmansu wani ƙauye. Ya koma ɗaukar kaya a ka zuwa kasuwar tasha, gidan ya sha miyar da ba mai. Wasu suka janye 'ya'yansu, tara ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya. A cikin ajin ma, can ƙurya aka ajiye 'ya'yan dukawa, da fili tsakaninsu da sauran, Munshi kuma daga nesa yake duba allonsu, yana nuni da bakin sanda. Wannan ya riƙa damun Rulda: yaro ya shiga ɗaki, amma ya shiga hannun malami kuwa?

Mehnga dai ya yi karatu. Daga baya ya zama akawu a tashar jirgin ƙasa, 'ya'yansa duka suka yi makaranta, har matan. Rulda ya tsufa a rumfarsa, ya ƙi barin ɗinki, ya ƙi barin mita. Ya yi ta a kan Turawa har suka tafi, ya ci gaba a kan waɗanda suka gaje su. Mutum ɗaya ne in an ambace shi sai ya ajiye basilla ya haɗa hannuwa ya ce, "Rabba, ya Ubangiji, duk inda Mai Tukunya yake, Ka sanyaya masa." Amma in ka tambaye shi ranar da ta fi masa daɗi a duniya, ba ranar shiga ajin yake faɗa ba. Wata rana ce daban, can cikin damina ta biyu.

Mehnga ya dawo da rana yana kuka, hannu dafe da kunne. Hukmi ta cire hannun, ta ga kunnen ya yi jawur ya kumbura.

"Wayyo ni! Wane mara imanin ne?"

"Munshi ne. Na juya harafi baibai. Ya ce, 'Kai da na fi sa rai a kanka, kai ne za ka yi min shirme?' Sai ya kama ya murɗe."

Hukmi ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce yau sai an raba ta da Labhu Ram. Rulda ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Tsaya tukuna. Da me ya murɗe?"

"Da hannu mana, Baba."

"Hannunsa? Ba da sanda ba?"

"Hannunsa."

"Da ya gama fa? Ya fita ya wanke?"

Yaron ya ja majina, ya yi tunani. "A'a. Ya ɗauki alli ya ci gaba da karatu."

Rulda ya miƙe ya fita. Jim kaɗan ya dawo da curin mazarƙwaila, ya zauna yana fasawa da gudumar aikinsa, yana kiran yaran unguwa su zo su karɓa. Hawaye na bin gemunsa, shi kuwa sai dariya yake yi.

Hukmi ta riƙe haɓa. "Baban Mehnga, lafiyarka kuwa? An kusa cire wa ɗanka kunne, kai kana rabon zaƙi?"

Ya jawo yaron jikinsa, ya tura masa guntu mafi girma a baki, ya daɗe yana duban jan kunnen nan. Sannan ya ce, "Juyo min ɗayan in gani, ko shi ma ya samu."